Mai Wushiryar da Aka Bari a Jar Ƙasa

Duk wanda ya san ni a Rano ya san ba na ba da labari gaya. Idan na ce na ga kunama, kafin in kai ƙarshen zance ta kai girman akuya, in kuwa majalisa ta cika sai ta zama saniya har da maraƙinta. Tun ina firamare sunana ya yi wutsiya, daga Lawan aka koma Lawan Gishiri. Yau ga furfura a gemu, ga tumbin da sai na leƙa nake ganin takalmina, amma sunan bai sake ni ba. To wannan labarin dai zan ba ku shi yadda yake. In kun ji gishiri a ciki, na yaron da nake a wancan lokacin ne.

Gidanmu yana bakin gari, ta hanyar da ke fita Saji. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai kakata Iya Yalwa ta jawo tabarmarta kusa da murhu, ta tura kara a garwashin da aka sauke miya, ta binne gyaɗa ko dankali a cikin toka. Mu jikoki sai mu kewaye ta kamar kaji sun ga tsaba. Iya 'yar ƙaramar mace ce, za ka iya saka ta a aljihun babbar riga ka manta da ita har ranar wanki, amma in ta buɗe baki, tinkiyar maƙwabta ma daina tuƙa take yi. Ni ne babban jikanta namiji, don haka ni ne angonta.

“Angona na banza,” haka take ce mini, “ba cefane ba zane, sai cin gyaɗata.”

Babana soja ne, a ɓangaren masu rediyo. Ina ɗan shekara biyar aka kwashe su zuwa wata ƙasa ta bakin teku, wai kwantar da tarzoma. Wasiƙa biyu ta zo, da hoto ɗaya, daga nan shiru. Ƙanensa, Baffa Ado, ya yi ta zarya zuwa bariki har masu gadin ƙofa suka fara tambayarsa lafiyar awakinsa. Kullum amsa ɗaya ce: a dawo, ana bincike. Soja suka sauka daga mulki, farar hula suka hau, aka yi ta kiɗa da rawa a gari, amsar dai ba ta sauya ko da wasali ɗaya ba.

Ga kuma inda abin ya ƙulle. Babana ɗan fari ne a wurin Iya, kun kuwa san halin tsofaffinmu da ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ba ta tambayar labarinsa, in an kawo zancensa sai ta tashi ta hau korar kajin da ba su yi mata komai ba. Innata ma, Hadiza, ba ta faɗin sunan miji, ni kuma da nake ɗan farinta “kai” nake a bakinta, in ta ji daɗi in zama “kai wannan”. Gida ɗaya, mata biyu, mutum ɗaya ke cin zuciyarsu, babu wadda harshenta zai iya ɗaukar sunansa.

A wannan tsakanin ne wani Ɗanliti ya kafa gidan kallo a bayan tasha, da janareto mai tari kamar tsohon mashayin taba, da faifan tauraron ɗan'adam a kan rufi. Ran Asabar da la'asar ake nuna wani shiri na Turawa, na sojojin da ke yawo cikin taurari a wani jirgin da ya fi Rano da duwatsunta girma. Ba mu jin Turancinsu, Ɗanliti ma ba ji yake ba, amma yana fassarawa da ƙarfin hali. Mu muka raɗa wa shirin suna Sojojin Sama, muka kuma yi wa mutanen ciki suna ba tare da rago ba. Akwai kwamandan, Sanƙau, wanda kansa ke ƙyalli har sai ka kare ido, bai taɓa murmushi ba. Akwai likitarsu, Uwar Allura. Akwai wani ƙato mai shuɗiyar fata da yatsu shida, Ci-Ƙarfe. Akwai bakaniken da ba mu taɓa ganin fuskarsa sosai ba, kullum ƙafafunsa kawai ke leƙowa daga ƙarƙashin inji. Sai wani siririn saurayi da ke zama a lungu da abin sauraro a kunne, shi ne Mai Rediyo.

Ni da Sani, ɗan Baffa Ado, muke zuwa kallo, amma ni ke kawo rahoto. Iya ba ta taɓa ganin talabijin a kunne ba, ba ta kuma nemi gani ba. Sai dai tambaya.

“To a can saman ina suke fuskanta in za su yi salla?”

“Iya, ai ba sa salla.”

“Shi ya sa har yau ba su iso ba. Wa ke musu tuwo?”

“Wani rami ne a bango, sai a danna abinci ya fito.”

“Allah wadai. Abincin da ba a san hannun da ya yi shi ba.”

Abin da na kawo da la'asar, kafin isha'i ta daka shi ta tankaɗe ta tuƙa shi ya zama nata. Har buɗe tatsuniya sai da ta sauya. Sai ta ce, “Ga ta can sama, ga ta nan tafe,” mu ce, “Ta sauko mu gan ta.” In ta gama ta ce, “Ƙurunƙus, mai ya ƙare, jirgi ya tsaya,” kowa ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa. A bakinta Sanƙau ya zama wani marowacin sarkin yaƙi mai ɓoye kilishi a hula, abin da ya cinye masa gashi ke nan. Uwar Allura ta zama ungozoma 'yar Zurgu mai faɗan tsiya. Ci-Ƙarfe aljani ne da ya musulunta amma har yanzu Fatiha na ba shi wuya. Mukan yi dariya har Baffa ya leƙo daga zaure ya ce a rage, mutane za su ɗauka biki ake.

Wata rana ina ba da rahoto na ce Mai Rediyo ya yi dariya yau, ashe wushirya ce da shi.

Iya tana juya gyaɗa da tsinke, sai hannun ya tsaya.

“Siriri ne ka ce?”

“Kamar sillen kara.”

“Ba ya son magana?”

“Sai dai ya yi ta sauraro.”

Ta ce, “Uhm.” Gyaɗar ranar ƙonewa ta yi.

Ni yaro ne amma ba jaki ba ne. Hoton nan ɗaya yana ƙarƙashin kwanukan jeren Innata, na san wanda ke da wushirya a ciki. Daga ranar tatsuniya ta karkata. Sanƙau da Ci-Ƙarfe suka zama 'yan rakiya, labari ya koma na “yaron nan mai wushirya”. Iya ta ba shi ƙuruciya: wai yana ƙarami ya taɓa faɗawa rijiya garin leƙen inuwarsa, wai ba ya cin kuɓewa, wai in ya yi fushi sai ya hau tsamiya ya ƙi saukowa sai an kai masa fura har sama. Babu ko ɗaya da na kawo mata daga gidan Ɗanliti. Innata, wadda da can take wanke-wankenta a bakin rariya, sai kwanukan suka fara matsowa, kullum taku ɗaya, har aka wayi gari a bayan tabarmar Iya take ɗauraya. A wurin murhun nan na san ubana. Wanda duk ya ce mini tatsuniya ƙarya ce, ba na musu da shi, amma ni a cikinta na ji cewa babana ba ya cin kuɓewa.

Sai Shari'a ta zo. Gari ya ɗauka, ko'ina wa'azi, kowa na binciken abin da littafi ya ce a kan komai. Wata Juma'a kakana na wajen uwa, Malam Idi, ya zo daga Kibiya a kan kekensa, suka zauna da Baffa a zaure. Ni kuwa ina bayan zana, kunnena ya kai faifai.

Malam Idi ya ce, “Ado, ba rigima na zo yi ba. Shekarun da littafi ya ɗiba wa matar wanda ya ɓace sun cika har sun gota. Yarinyar nan ba matar aure ba, ba bazawara ba, ba mai takaba ba. Na je wurin alƙali, ya ce in danginsa suka zo suka shaida ba labari, zai yanke, ta yi takaba, ta koma gida.”

Baffa ya ce, “Malam, gaskiyarka. Amma ƙafata ba za ta taka kotu ba sai tsohuwa ta haƙura.”

“To a tambaye ta mana.”

“Wa zai tambaye ta? Da wane suna?”

Da daddare na ji matar Baffa tana ce masa, “Kai ma dai. Ba ka jin tatsuniyar? Muddin mai wushiryar nan na da rai a bakin Iya, ba inda Hadiza za ta.”

Na kwana ina juya maganar. Na san yadda ake yi, na gani a gidan maƙwabta: uwa ta koma gidansu, ɗa ya zauna a gidan ubansa. Ashe zaman Innata a gidanmu yana rataye ne a wuyan wani siririn Bature da ke cikin akwatin Ɗanliti.

Asabar uku bayan haka, gab da faɗuwar damina, aka saukar da Mai Rediyo a wata duniya mai jar ƙasa, ba itace ba ruwa, ya gyara wani dogon ƙarfe na sadarwa. Yana bisa ƙarfen abokan gaba suka ɓullo. Aka nuno Sanƙau, aka nuno ƙofar jirgi a buɗe, aka nuno yaron yana gudu yana ɗaga hannu. Sanƙau ya faɗi kalma ɗaya. Ƙofa ta rufe. Jirgi ya ɗaga.

Ɗanliti ya ce, “Ya ce a tafi.” Wannan karon ko ba fassara mun gane.

Na ce a raina mako mai zuwa za su koma. Mako ya zo, sai ga wata mata mai jan gashi zaune a kujerarsa, da abin sauraronsa a kunnenta. Ci-Ƙarfe na ta barkwancinsa, Uwar Allura na ta allurarta. Ko sau ɗaya ba wanda ya dubi lungun nan.

A hanyar gida na riƙe wuyan rigar Sani. “In ka faɗa, wallahi sai na jefa ka a kududdufi.” Da na ga barazana ba za ta isa ba, na haɗa masa da ƙashin miyata na kullum. Ya karɓa.

Nan fa Lawan Gishiri ya samu aikin yi. Na ce Mai Wushirya ya kashe abokan gaba arba'in da wayar rediyo. Na ce ya hau bayan wata tsuntsuwa mai kai uku ya kamo jirgi a hanya. Na ce Sanƙau ya rungume shi yana kuka har ya ba shi kilishin hularsa. Mako na gaba na ƙara masa girma, na gaba na ba shi doki mai cin taurari. Iya ta karɓa ta tuƙa ta raba mana, Innata na baya tana ɗauraye kwano ɗaya sau biyar. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai, dawa ta yi kai, ni ina ta ƙarya kamar famfon da ya lalace. Ba na jin ko ɗar. Kowace Asabar na sayo wa kaina uwa ta mako guda.

Sai dai gishiri, in ya yi yawa, ko maras haƙori ya san an zuba.

Ranar da muka fara cire gyaɗa, na zo da rahoton cewa an naɗa Mai Wushirya sarkin wata tauraruwa, da fadawa dubu. Iya ta dube ni ta cikin hayaƙi.

“Angona, yaron nan da ba ya son magana, shi ne yanzu da fadawa?”

“Ai ya sauya, Iya.”

“Uhm.” Ta juya. “Sani, zo nan. Kai Allah bai ba ka basirar ƙarya ba, kamar ubanka. Yaushe rabon da ka ga yaron nan da idonka?”

Sani ya dube ni. Na zare masa ido har sai da suka yi mini zafi. Ya sunkuyar da kai.

“Tun kafin shuka.”

“Ina yake?”

“An bar shi a jar ƙasa. Yana gudu aka rufe ƙofa.”

“Sun koma?”

“A'a.”

“Shi mai sanƙon, ya aika gidan uwarsa?”

“Ba a nuna ba.”

“Sun yi masa addu'a? Ko zaman kwana ɗaya?”

“A'a, Iya. Abinci suka ci. Wata ce ma a kujerarsa yanzu.”

Na ji ƙarar kwanon da Innata ta ajiye a hankali. Iya ta tono gyaɗar daga toka, ta raba mana kamar kullum, ta ba ni kashi mafi yawa kamar kullum, ta ce yau ba tatsuniya, bayanta na ciwo.

Washegari na wuni ina jiran duka, bai zo ba. Da magariba sai ga Iya ta fito ta yi wanka, ta ɗaura zanen saƙin da sai salla take fito da shi. Ta zauna, ta tura kara a wuta. Ba ta binne komai a toka ba.

Ta ce, “Hadiza, bar kwanukan nan. Zo ki zauna a nan.” Ta nuna gefen tabarmarta. Ban taɓa ganin Innata ta zauna a tabarma ɗaya da surukarta ba. Ta zo ta ɗosana a bakin-baki.

“Ga ta can sama, ga ta nan tafe.”

Muryoyi biyu ko uku ne suka amsa. Ni ban amsa ba.

Ta ce yaron nan ya tsaya a jar ƙasa yana kallon jirgi har ya zama kamar ƙwayar gero, har ya ɓace. Bai yi kuka ba, don tun yana ƙarami ba mai kuka ba ne. Ya koma gindin ƙarfensa ya kunna rediyo ya yi kira. Ya kira mai sanƙo, shiru. Ya kira manyan mai sanƙo, aka ce ya dakata ana bincike. Ya kira kwana ɗaya, ya kira kwana bakwai. Da ya ga batir na mutuwa sai ya ce bari ya kira gida. Kiran ya zo har bakin gari, ta hanyar Saji, ya shiga wani gida, ya tarar da wata tsohuwa a bakin murhu. Tsohuwar ta ji. Sarai ta ji. Amma ta yi kamar ba ta ji ba, don an ce mata kunya ce uwa ta amsa.

Na ce, “Iya, tsuntsuwar fa? Mai kai uku?”

“Ba tsuntsuwa a ƙasar nan, angona.”

“Akwai! Ni na gani!”

“Zauna.”

Ta ce da ƙishirwa ta ci ƙarfinsa, sai ya yi taimama da jar ƙasar, ya duba ko'ina bai san gabas ba, ya ce Allah kai ka san inda kake, ya yi sallarsa. Ya kwanta ta gefen dama, ya cire abin sauraron daga kunnensa, ya yi shahada. Iska ta zo ta rufe shi da ƙasa, tun da ba wanda zai yi masa.

Muna jiran ta ce mai ya ƙare. Sai ta ce, da muryar da ta fi ta kullum ƙarfi, har zaure:

“Sunansa Haruna. Haruna ɗana. Allah ya jiƙansa.”

Shekaruna goma a duniya, ranar na fara jin sunan ubana a bakin uwarsa. Innata ta kifa kanta a cinyar Iya ta saki wani irin kuka da ban san tana da shi ba. Daga zaure na ji Baffa yana salati, yana maimaitawa. Iya kuwa idonta a bushe, tana shafa bayan Innata tana kallon wuta.

Sauran duk ya tafi a jere kamar an daɗe da shiryawa. Aka yi zaman makoki kwana uku, ba gawa ba kabari. Baffa da Malam Idi suka je gaban alƙali. Innata ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma a ɗakinta. Ranar da ta fita, motar Kibiya ta tsaya a ƙofar gida, aka ɗora akwati da kwanukan jere. Na tsaya a jikin bango ina jiran ta ce wani abu. Mata sun cika ƙofa, ni kuma ɗan fari ne. Ta zo daidai ni, ta dubi saman kaina, ta ce:

“Kai, ka riƙa wanka.”

Ta shiga mota.

Ban bi motar da gudu ba, kada wani ya ce na ƙara. Na dai tsaya har ta sha kwana.

Kibiya ba nisa ba ce, yau a babur kafin ka gama cin rake ɗaya ka isa. Bayan shekara Innata ta yi aure, gidan mutumin kirki, ta haifi 'ya'ya huɗu, nakan je da salla a ba ni nama a kira ni “yayanku na Rano”. Ba wanda ya zalunce ni. Wannan ne ma abin haushin, ka rasa wanda za ka kama. Sai na kama Iya. Na daina zama a bakin murhu, wanda dama ba a ƙara yin tatsuniya a wurin ba. In ta ce “angona”, in ce “na'am” kamar ana kiran suna a aji. A waje ni ne mai ba mutane dariya har su riƙe ciki, in na shigo gida in ɗaure fuska kamar Sanƙau. Shekara shida muna haka, ni da tsohuwar da ke ajiye mini ƙanzon tuwo a ƙarƙashin faifai.

Ina aji biyar na sakandare ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Wata la'asar matar Baffa ta ce Iya na kira na. Na shiga na tarar ta ƙara ƙanƙancewa, kamar an ajiye zane a kan gado. Na tsuguna daga bakin ƙofa.

“Angona.”

“Na'am.”

“Matso, ba cizo zan yi ba, haƙoran sun ƙare.” Na matsa kaɗan. Ta ce, “Wannan tsuntsuwar taka. Mai kai nawa ne ma?”

Na kawar da kai.

“Ba ni labarin nan. Yadda ya hau bayanta ya kamo jirgi. Ka zuba gishirin da kyau, yau ba zan hana ka ba.”

Jama'a, ni ne fa. Ni da na taɓa rantse wa mutanen tasha cewa na ga kifi ya haɗiye kwale-kwale. Labarin yana nan a bakina, da fukafukansa da komai, ko numfashi ba sai na ja ba. Na dubi tsohuwar nan na ce:

“Ai ke kika kashe shi.”

Ba ta yi fushi ba. Ta ɗan gyaɗa kai a kan matashi, ta ce, “Haka ne.” Ta juya fuskarta bango. Na tashi na fita, har ina jin na yi nasara. Kwana biyu bayan nan aka kai ta.

Sai da na haifi nawa, na ga yadda zazzaɓin dare ɗaya ke mayar da uba mahaukaci, sannan na fara auna abin da matar nan ta yi. Waɗanda suka ɗauki ɗanta da mota har yau ba su aiko ko da yaro ya ce a yi haƙuri ba. Alƙali na jiran Baffa, Baffa na jiran ta, Malam Idi na jiran kowa. Manyan maza da rawuna da kaki, duk suka tsaya, aka bar wa tsohuwar da ba ta san alif ba aikin da ya fi kowanne wuya: ta kashe ɗanta da bakinta don 'yar wani ta samu ta rayu. Ta san zan rasa uwa. Ta auna ni da Innata, ta ga wadda aka fi danne wa haƙƙi, ta zaɓa, ta kuma zauna shekara shida tana karɓar hukuncina ba ta taɓa kare kanta ba. Na taɓa tambayar Innata, da girmana, ko ta so tafiyar. Ta daɗe tana tsince shinkafa kafin ta ce, “Ban so ba. Amma da ban tafi ba, da na mutu a tsaye.” Ban ƙara tambaya ba.

Na gane duk wannan, kuma ganewar ba ta rage mini komai ba. Har gobe in na tuna motar nan sai in ji ɗaci, in na tuna bangon da Iya ta juya ta kalla sai ɗacin ya ninka. Ta ba ni gaskiya ina ɗan shekara goma, lokacin da ban roƙa ba. Ta roƙe ni ƙarya sau ɗaya tak, ƙaryar da nake rabawa kyauta a kowace majalisa daga nan har Kibiya, na hana ta.